Gwadajjiyar Manhaja a Wajen Wa? Kasada da Sabuwar Ƙira a Jihar Maraɗi

Wani ra'ayi ya samu gindin zama tsakanin masu tsara ayyukan raya ƙasa, cewa a wuri irin Maraɗi, inda kuɗi ke da ƙaranci kuma ƙwararrun marubuta manhaja ba su da yawa, maganin asara shi ne gudun sabuwar ƙira. A rubuta dukkan buƙatu a takardar kwangila tun farko, a sayo manhajar da ta yi aiki a wata ƙasa, a fassara ta, a girka. Da muguwar rawa, in ji su, gwamma ƙin tashi. Jayayya tsakanin gini mataki-mataki da gini ta gwaji da gyara tsohuwa ce (Royce 1970, Boehm 1988), ba sai an maimaita ta ba. Inda gardama take shi ne ko gwajin da manhaja ta ci a can ya wanke ta a nan. A ganina da wuya, domin kasada mafi girma tana cikin zaton da aka gina manhajar a kansa.

Kowace manhaja tana zuwa da zato uku: akwai wuta, akwai rezo, mai amfani da ita kuma yana karatu. Heeks (2002) ya danganta rushewar irin waɗannan ayyuka da tazarar da ke tsakanin ƙira da zahiri. A ɗauki filin noman rani na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a kwarin Gulbin Maraɗi a farkon shekarun 1980, inda famfunan lantarki ke ɗago ruwa, manoma kuma ke biyan kuɗinsa ta ƙungiyoyinsu. Wutar yankin tana shigowa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Duk manhajar karɓar kuɗin ruwa da ba ta motsi sai da kwamfutar ofis da intanet, ta gaji kasadar siyasar da babu takardar kwangilar da ta hango. Wadda aka ƙera bisa salon ODK kuwa, mai adana bayanai a cikin salula har rezo ya samu, tana iya jure irin wannan yankewa. Haka batun karatu: manomin Tibiri da bai san Faransanci ba ya fi samun biyan buƙata ta murya, kuma da kiran waya da saƙon murya na WhatsApp cikin Hausa ne cibiyar ba manoma shawara ta RECA ke isa gare shi. A misalan biyu, sabuwar ƙira ce ta rage kasada.

Mai wancan ra'ayi yana da martani mai nauyi. Zai ce sabon abu ba shi da mai reno: ranar da kuɗin aiki suka ƙare, matashin da ya rubuta shi zai kama hanyar Yamai, a bar ƙungiya da abin da ba mai iya gyarawa. Zai ƙara da cewa mai ba da tallafi yana son farashi tsayayye, kuma gwaji a kan talaka bai dace ba. Batun reno gaskiya ne, amma ya shafi manhajar da aka sayo ma, wadda mai gyaranta ke wata nahiya, ake kuma biyan lasisinta da kuɗin waje. Farashi tsayayye shi ma ba ya kawar da kasada, jinkirta bayyanarta yake yi har ranar miƙa aiki, lokacin da gyara ya fi tsada. Shawarar Boehm ita ce a fara da zaton da ya fi barazana, a jarraba shi ta hanya mafi arha. Gwaji da ƙungiya ɗaya a kakar rani ɗaya ya fi sauƙi ga talaka a kan a girka wa fili gaba ɗaya abin da ba a taɓa gwadawa da shi ba. M-Pesa ta Kenya da gwaji ta fara a 2005 don biyan ƙananan basussuka. Da aka lura mutane na aika wa juna kuɗi da ita, aka sauya ƙirar kafin ƙaddamarwar 2007.

Sai dai hujjar da ke hannu ba ta kai a ce ƙirƙira alheri ce a ko'ina ba. Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Aker da abokan aikinta kan tallafin kuɗi da Concern Worldwide ta raba a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a 2010. Gidajen da suka karɓa ta Zap, hanyar tura kuɗi ta salula, sun rage ɓata lokaci wajen karɓa, abincinsu kuma ya fi yawan iri. Amma a Tawa aka yi shi, cikin shekarar yunwa, da salular kyauta, kuma tsarin lissafin kuɗin na kamfanin Zain ne da ma yana aiki. Sabon abin yana wajen da fasaha ke haɗuwa da mutum: raba waya, koyar da mata, samar da wakilan da za su ba da tsabar kuɗi. Ke nan dole da'awar ta tsuke. A wajen adana lissafi da tsaron bayanai, abokin jayayya yana da gaskiya, a riƙe abin da aka daɗe ana gwadawa. A wajen harshe, murya, aiki ba rezo da hanyar biya, aro ba tare da gwaji ba shi ne gangancin.

Wannan yana nufin a raba kwangila gida biyu. Kashi na farko ƙarami, a jera zato a jarraba su a fili, tare da yardar cewa sakamakon na iya sa a fasa aikin. Na biyu mai farashi tsayayye, bisa abin da gwajin ya tabbatar, da sharaɗin a miƙa ainihin rubutun manhajar ga masu ita, a kuma shigar da malamai da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo cikin renonta tun daga farko.