Central Park: Lambun New York da Ƙauyen da Ya Haɗiye

Da wuya a lissafa wa baƙo wuraren gani guda uku a birnin New York ba a sa Central Park a ciki ba. Fili ne mai eka 843 a tsakiyar tsibirin Manhattan, tsawonsa kilomita 4, kuma ana kai masa ziyara fiye da sau miliyan 40 a shekara. Mai son ruwa ya tuƙa kwalekwale a tafki, mai son ƙasaita ya hau keken doki, mai yara ya nufi gidan namun daji, mai son tarihi kuma ya shiga gidan kayan tarihi na Metropolitan, ko ya tsaya gaban dogon dutsen Fir'auna Thutmose na Uku da aka ɗauko daga Masar aka kafa a 1881. Yawancin baƙi suna komawa gida da zaton cewa wani yankin daji ne birnin ya tarar ya ƙyale. Ba haka abin yake ba. Ban da manyan duwatsun da aka bari, kusan duk abin da ido ke gani a wurin aikin hannu ne, kuma waɗanda suka fi ɗaukar nauyin samar da shi su ne mutanen da muryarsu ba ta isa zauren majalisa.

Taswirar da hukuma ta zana wa Manhattan a 1811 tituna ne miƙaƙƙu masu gitta juna, ba a ware wani babban fili na shan iska ba. Mutanen birnin da ba su wuce 124,000 ba a 1820 sun zarce rabin miliyan a 1850, galibi saboda kwararar baƙi daga Ailan da Jamus. Attajiran da suka ga lambunan Landan da Paris suka fara jin kunyar garinsu, editan jaridar Evening Post, William Cullen Bryant, ya yi ta kiran a yi babban lambu tun 1844. Wurin da aka fara zaɓa a 1851 shi ne Jones's Wood, wani kurmi a bakin kogin gabashin tsibirin, mallakar manyan gidaje biyu, Jones da Schermerhorn. Masu shi suka ce ba su sayarwa, suka garzaya kotu, maganar ta yi ta jan ƙafa har aka watsar. Gaskiya ne wurin ya yi ƙanƙanta, kuma da yawa sun fi son tsakiyar tsibiri tun farko. Amma dai masu lauyoyi sun tsira da filinsu, dokar 1853 kuma ta faɗa kan ƙasar da ke tsakanin titi na 59 da na 106, inda mutum kusan 1,600 ke zaune.

Jaridun lokacin sun kira su 'yan kama-wuri-zauna masu bukkoki da aladu. Takardun haraji da na ƙidaya sun ƙaryata wannan, musamman game da ƙauyen Seneca, wanda ke gefen yamma tsakanin titi na 82 da na 89. A 1825, shekara biyu kafin a gama soke bauta a jihar New York, wani baƙar fata mai sana'ar goge takalma, Andrew Williams, ya sayi fuloti uku a wurin kan dala 125. Wasu suka biyo shi, har da cocin baƙaƙen fata na AME Zion. Zuwa 1855 ƙauyen yana da mutum wajen 225, kashi biyu cikin uku baƙaƙe, sauran yawanci 'yan Ailan, da coci uku, da makaranta, da maƙabartu. Kimanin rabin gidajen baƙaƙen nasu ne na kansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsarin mulkin jihar na 1821 ya ce baƙar fata ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya mallaki ƙasa ta dala 250, sharaɗin da aka sauke wa farare. Fulotin mutumin Seneca shi ne katin zaɓensa. Zuwa ƙarshen 1857 an tashe su kaf. Da masana suka haƙa wurin a 2011, sun tono harsashin gidan William Godfrey Wilson, mai kula da cocin All Angels, suka sami butar shayi ta ƙarfe, da kaskon gashi, da mariƙin buroshin haƙori na ƙashi, da takalmin yaro mai tafin fata. Kayan gidan magidanci ne mai rufin asiri.

Za a ce ai an biya diyya, kuma ba baƙaƙe kaɗai aka tasa ba, tunda mafi yawan mutum 1,600 ɗin nan Turawa ne matalauta. Duka biyun gaskiya ne. Kuɗin sayen ƙasar ya haura dala miliyan 7, ya ma ɗan ɗara abin da Amurka ta biya Rasha ta karɓi Alaska a 1867. Sai dai diyya ta mai takardar fili ce, ɗan haya bai sami ko sisi ba, kuma masu filin da dama, har da Williams, sun kai kukan cewa an karya wa dukiyarsu daraja. Ko da an biya su daidai, ɗan Ailan yana iya kama ɗaki a wata unguwa ya ci gaba da zaɓe, shi kuwa baƙar fata sai ya sake samun mai sayar masa da ƙasa a garin da farashi ke hawa kullum. Ƙauyen bai sake haɗuwa a ko'ina ba. Su kuwa masu filayen da ke kewaye da lambun, ko da yake an ɗora musu wani kaso na kuɗin, darajar ƙasarsu ta ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru.

Aikin kansa abin jinjina ne. Zanen Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne ya yi nasara cikin 33 da aka gabatar a gasar 1858. (Olmsted, wanda ya zaga kudancin Amurka yana rubuta wa jarida illolin bauta, shi ne ya shimfiɗa ciyawa a kan kufan 'yantattu.) Leburori wajen 20,000 suka fasa duwatsu da albarushi, suka janye ruwan fadamu ta bututun ƙarƙashin ƙasa, aka yi ta jigilar ƙasar noma daga New Jersey saboda ta wurin ba ta riƙe itace. Dabarar da ta fi burgewa ita ce hanyoyi huɗu masu ratsa lambun daga gabas zuwa yamma, waɗanda aka nutsar cikin rami don amalanke ya wuce ba tare da mai yawo ya gan shi ba. Har tumaki aka zuba a wani fili daga 1864 zuwa 1934, don wurin ya yi kama da karkarar Ingila.

Hujja mafi ƙarfi ta masu kare abin da aka yi ita ce amfanin jama'a: mutum 1,600 sun rasa matsuguni, miliyoyi sun sami wurin shan iska kyauta, talaka da mai kuɗi. Ba na musun amfanin, amma ba haka aka buɗe lambun ba. A shekarun 1860 yawancin masu shigarsa a keken doki suke zuwa, don ya yi wa unguwannin ma'aikata nisa. An hana taron cin abinci na ƙungiyoyi, an hana keken 'yan kasuwa bin hanyoyin shaƙatawa, an kafa allunan hana taka ciyawa, kaɗe-kaɗe kuma ranar Asabar ake yi, alhali lebura Lahadi kaɗai yake hutu. Sai da talakawa suka yi shekaru suna matsa lamba kafin a yarda da kiɗan Lahadi da wasan ƙwallo, filayen wasan yara masu yawa kuwa sai bayan 1934, zamanin kwamishina Robert Moses. Zaman lambun na kowa da kowa abu ne da aka ƙwata daga baya.

Labarin Seneca ya ɓace fiye da shekara ɗari, sai littafin Roy Rosenzweig da Elizabeth Blackmar na 1992 ya tono shi, allon tunawa na farko bai hau wurin ba sai 2001, jerin allunan bayani kuma sai 2019. Ita ma tsohuwar tambayar wa ke da iko da lambun ba ta mutu ba. Bayan birnin ya kusa tsiyacewa a 1975, lambun ya lalace, ciyawa ta zama ƙura, gine-gine suka cika da zane-zanen fenti. Ƙungiya mai zaman kanta, Central Park Conservancy, wadda aka kafa a 1980, ita ta farfaɗo da shi, kuma ita ke tara mafi yawan kuɗin kula da shi har yau. A 2012 attajiri guda, John Paulson, ya ba ta dala miliyan 100. Lambunan yankunan Bronx da Queens na birnin, inda leburorin wannan zamani ke kai 'ya'yansu, ba su da maƙwabta irin waɗannan, da kasafin hukumar birni suke lallaɓawa.