Ƙwayar Zarra da Layin Manhaja: Inda Ya Kamata Binciken Semikondakta Ya Dosa a Abuja

Wanda ya kama hanyar filin jirgin sama daga tsakiyar Abuja, ya bi ta Giri zuwa Gwagwalada, sannan ya miƙe hanyar Lokoja har Sheda, ya ratsa wani yanki da ya tara cibiyoyin kimiyya fiye da yadda yawancin mazauna birnin suka sani. A Galadimawa akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, wadda aka fi sani da AUST, da aka kafa a 2007 don horar da ɗaliban manyan digiri a fannoni irin su kimiyyar kwamfuta, fiziks, lissafi da kimiyyar kayan ƙira. A gaba akwai Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da kuma rukunin ɗakunan bincike na SHESTCO. Hukumar NASENI mai bunƙasa kayan kimiyya da injiniyanci tana Idu, masana'antarta ta farantan sola kuma tana Karshi. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, abin da ya fi tauye binciken semikondakta a wannan yanki ba rashin masana'antar biliyoyin daloli ba ne. Katangar da ke tsakanin masanin fiziks da injiniyan manhaja ita ce, kuma rushe ta bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba.

Sai mun fara da sanin abin da ake bincikawa. Jan ƙarfe yana barin lantarki ya wuce cikinsa ba tare da gardama ba, gilashi da roba kuma suna tare shi. Semikondakta yana tsakanin biyun, kuma darajarsa ita ce ana iya juya halinsa: a sa ya buɗe, a sa ya rufe. Sirrin yana cikin wani giɓi na makamashi da dole elektiron ya tsallake kafin ya sami damar yawo. A silikon faɗin giɓin kusan elektiron-bolt 1.1 ne, a galiyam naitarayid kuwa kusan 3.4, shi ya sa na farko ya dace da farantin sola, na biyu ya ba duniya ƙwan lantarki mai shuɗin haske wanda ya jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Tun daga 1947, lokacin da aka ƙera taransista ta farko a Amurka, duk wayar hannu da rediyo da mitar wutar da ke bangon gidajenmu a kan iya sarrafa wannan giɓi suka dogara.

Abin mamakin yana zuwa ne idan aka ƙanƙantar da ƙwayar. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda ya kai dubun-dubatarsu. Idan ƙwayar semikondakta ta koma 'yan nanomitoci kaɗan, elektiron yakan rasa filin sakewa, sai giɓin ya ƙara faɗi. Mai goge ya san wannan doka da yatsunsa: in ya danne tsirkiya ya gajarta ta, sai sautin ya ƙara tsini. Haka ƙwayar kadmiyam selenayid mai faɗin kusan nanomita 2 take ba da haske mai karkata ga shuɗi da kore, mai kusan 6 kuma ta ba da ja, alhali sinadarin ɗaya ne, girma kaɗai ya bambanta. Waɗannan su ne ɗigon kwantam, waɗanda Ekimov da Brus suka gano a farkon shekarun 1980, Bawendi kuma ya samo hanyar haɗa su da tsabta a 1993. Su ukun suka karɓi Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce ba a tilasta masa ya karɓi halin da ma'adini ya zo da shi daga ƙasa ba. Yana iya zana halin da yake so.

To, a nan ne ake yawan ɓata hanya. Da an ambaci semikondakta a taron manufofi, sai magana ta koma kan yaushe Najeriya za ta gina masana'antar ƙera ƙwayoyin kwamfuta. Masana'anta ta zamani irin ta kamfanin TSMC na Taiwan tana cin dala biliyan 20 ko fiye. Na'ura guda ta kamfanin ASML na ƙasar Holan, mai zana da'irori da haske mai tsawon zango nanomita 13.5, ta haura dala miliyan 150. Amurka da kanta sai da ta yi doka a 2022 ta ware sama da dala biliyan 50 don ta dawo da wani kaso na wannan sana'a gida. Ita ma Taiwan ba da masana'anta ta fara ba: ta kafa cibiyar bincike ta ITRI a 1973, ta tura matasan injiniyoyi koyon aiki a kamfanin RCA a 1976, sai a 1987 aka haifi TSMC. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin a wannan fage mutane ne da suka iya aikin.

Akwai ƙofar da take buɗe gare mu tun yanzu. A 1964 da 1965 Walter Kohn da abokan aikinsa, Hohenberg da Sham, suka shimfiɗa wata hanyar lissafi da ke hasashen halayen abu daga yadda elektiron suka yi cunkoso a cikinsa. Ana kiranta DFT a taƙaice, kuma ta ba Kohn Nobel a 1998. Manhajar Quantum ESPRESSO, wadda tushenta ke birnin Trieste na Italiya, tana yin wannan lissafi kyauta ga duk mai intanet. Tun 2010 kuma akwai makarantar ASESMA da ke zagayawa ƙasashen Afirka tana koyar da matasan masana wannan fanni. Ɗalibi a Gwagwalada yana iya lissafa tsarin makamashin silikon a kwamfutar cinyarsa kafin shayinsa ya huce, domin zarra biyu kacal ake buƙata a maimaita. Amma ɗigon silikon mai faɗin nanomita 3 yana ɗauke da zarra wajen ɗari bakwai, kuma nauyin lissafin yana ninkuwa kusan sau takwas duk lokacin da yawan zarra ya ninka sau biyu. Daga nan aikin ya fita hannun kwamfuta guda. Sai an haɗa injuna da yawa, a raba musu aikin, a tsara layin masu jira, a kuma rubuta manhajar da za ta riƙa adana inda aka kwana, don kada ɗaukewar wuta ta minti ɗaya kafin janareta ya tashi ta shafe lissafin kwana uku. Wannan duka aikin injiniyan manhaja ne, ba abin da ake koya wa ɗalibin fiziks ba.

Na taɓa zama cikin masu sauraron kare kundin digiri na biyu a wata jami'a. Ɗalibin ya yi ƙoƙari ƙwarai, zane-zanensa sun fito tsaf, ya kuma amsa tambayoyin ka'ida ba tare da inda-inda ba. Da wani malami ya ce masa, “Malam, nuna mana fayil ɗin da ya haifi zane na huɗu,” sai ya buɗe kwamfutarsa, muka ga fayiloli bakwai masu suna kusan iri ɗaya: na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe da aka gyara. Ya yi ta buɗewa yana rufewa, gumi na tsattsafo masa, bai iya tantance wanne ne ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Babu wanda ya taɓa nuna masa Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara da ranarsa da dalilinsa, alhali a ginin da ke kallon nasu ɗaliban kwamfuta na aji biyu suna amfani da ita kullum. Aikin shekara biyu ya tafi da shi a cikin filas, wanda ya biyo bayansa kuma dole ya faro daga tushe.

Kada a ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A 2006 wani masanin tsarin furotin a Amurka, Geoffrey Chang, ya janye maƙaloli biyar, wasunsu daga mujallar Science, saboda wata 'yar manhajar cikin gida ta juya masa ginshiƙai biyu na alƙaluma. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawaii suka gano cewa wasu umarnin kwamfuta na harshen Python da masana sinadarai suka daɗe suna amfani da su suna ba da amsa daban-daban gwargwadon irin kwamfutar da aka gudanar da su a kai, don kawai kowace tana jera fayiloli ta hanyarta. Masanan DFT da kansu sai da suka haɗu a 2016 suka gwada manhajoji 15 a kan sinadarai 71 don su tabbatar cewa amsoshinsu sun yi daidai da juna. Darasin da aka ɗauka a wasu wurare shi ne manhaja kayan awo ce, kamar sikeli da madubin ƙara girma, tana bukatar a gwada ta a kuma kula da ita. A Birtaniya, daga 2012, aka fara kiran wasu ma'aikata da sunan injiniyoyin manhajar bincike, aka kuma buɗe musu matakan ƙarin girma nasu na kansu a jami'o'i.

Mu kuwa tsarinmu yana tura mutanen nan waje. Kundin tsarin karatu da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ware ilimin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, injiniyancin manhaja na cikinsa. Wannan ci gaba ne, amma ya ƙara tsawon katangar in ba a yi hattara ba. Wanda ya iya rubuta manhaja mai kyau yana da kasuwa a kamfanonin hada-hadar kuɗi na Legas, ko ya zauna a ɗakinsa a Kubwa yana yi wa kamfanin waje aiki a biya shi da dala. In ya zaɓi zama a jami'a, kwamitin ƙarin girma maƙaloli zai ƙirga. Shekarar da ya kashe yana gina manhajar da ɗalibai ashirin za su dogara da ita ba ta da gurbi a fom. Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka daga majalisa. Majalisar dattawan kowace jami'a tana da ikon amincewa da manhajar da aka tantance a matsayin aikin ilimi. Asusun TETFund, mai ba da tallafin bincike, yana da ikon sharɗanta cewa duk wanda ya karɓi kuɗi ya ajiye manhajarsa da alƙalumansa a rumbun da kowa zai iya dubawa. Sassa biyu kuma suna iya haɗa ɗalibin fiziks da na manhaja a kan aiki ɗaya, malamai biyu su duba su.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Wasu malaman ɗakin gwaje-gwaje suna cewa lissafin kwamfuta mafaka ce ta wanda ba shi da kayan aiki, kuma ya haifar da tulin maƙaloli da ba su da bambanci sai sauya sinadari ɗaya a cikin haɗi. Suna da gaskiya a babban ɓangare. DFT ta yau da kullum tana rage faɗin giɓin makamashi. A silikon takan ba da kusan rabin abin da awo ya nuna. Wanda bai taɓa auna komai da hannunsa ba yana iya buga wannan lambar da zuciya ɗaya. Don haka ba ina kiran a bar ɗakin gwaji a koma allo ba ne. Ina cewa ne na'urorin awo masu tsada, irin su na'urar hasken eksire da madubin elektiron, ba sai kowace jami'a ta mallaki nata ba. Wannan ne ma dalilin kafa wuri irin Sheda tun farko. Abin da zai sa na'ura guda ta wadatar da jami'o'i biyar shi ne tsarin neman layi da kowa ke gani, da rumbun ajiye sakamako a fasali ɗaya, da rajistar ranar da aka daidaita na'urar. A nan ma injiniyan manhaja ake nema.

Sannan tambayar da za a bincika ta zama tamu. Ana auna ƙarfin farantin sola ne a zafin digiri 25, amma a kan rufin kwano a Abuja cikin watan Maris farantin yana iya kai digiri 60. Silikon yana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane ƙarin digiri, wato wajen kashi 14 sun tafi tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashi daga Disamba zuwa Fabrairu. Sabon sinadarin ƙwayar sola mai suna ferobsikayit, wanda ingancinsa ya tashi daga kashi 3.8 a 2009 zuwa sama da 25 a yau, babban rauninsa shi ne zafi da laima suna lalata shi da wuri. Abuja tana da damina mai laima ta wata shida da rani mai hazo da zafi, a shekara guda, a rufi guda. Ɗakunan bincike na Turai na'ura suke saya don su kwaikwayi wannan yanayi. Haka kuma ɗalibanmu da yawa sun gwada ƙwayar sola irin wadda O'Regan da Grätzel suka bayyana a 1991, suna shafa jan ruwan zoɓo a kan ƙananan ƙwayoyin taitaniyam oksayid. Ingancin yakan tsaya ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma ba abin kunya ba ne a matsayin horo. Abin takaicin shi ne kowane rukuni yana maimaita gwajin ba tare da ganin ɗanyen alƙaluman na baya ba, don haka ba a taru an gano me ya sa rinin yake kwashewa ba.

Masana'antar Karshi tana harhaɗa faranti ne da ƙwayoyin da aka shigo da su, kuma a 2023 an aza harsashin wata masana'antar ƙera ƙwayoyin kansu a Gora ta jihar Nasarawa. Duk ranar da ta fara aiki, injiniyoyinta za su bukaci sanin irin rufin gilashi da irin shafin nanomita da ke jure ƙurarmu da zafinmu. Amsar tana bukatar jerin faranti a kan rufi a Sheda da Karshi da Gwagwalada, kowanne da 'yar na'urar da ke rubuta zafi da laima da ƙarfin lantarki duk bayan minti biyar, da manhajar da ba za ta ɓatar da bayanan ba in wuta ta ɗauke ko ɗalibi ya kammala ya tafi, da mutum guda mai albashi da matsayi wanda aikinsa ke nan har shekara goma.