Cutar Gado da Ƙwayar da Ke Ƙarasa Yaro

A Batagarawa, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, in aka ɗauko zancen sikila yawanci a kan gwajin jini kafin aure yake tsayawa. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin doka a 2024. Wannan kariya ce ga wanda ba a haifa ba tukuna. Yaron da ya riga ya zo duniya kuwa, babban haɗarinsa a shekarun farko shi ne ƙwayoyin cutar da ke kama huhu su shiga jini.

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda yau take Jihar Jigawa. Cikin waɗanda suka duba jinin mutanen akwai Alan Fleming, likitan jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sakamakon da aka buga a 1979 ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haifarsu, amma cikin waɗanda suka haura shekara 9 ko ɗaya cikin 1,000 ba a samu ba. Sikila ba ta barin mai ita. Ke nan sauran rasuwa suka yi, galibi ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su.

Cizon sauro yana da nasa kason, amma akwai na saifa. Ita ce ke tace bakteriya daga jini, kuma lanƙwasassun ƙwayoyin jinin mai sikila sukan toshe ta tun yana goye, har ta daina aiki. Daga nan ƙwayar nimokokas, mai haddasa nimoniya da sanƙarau, tana iya gamawa da yaro cikin yini guda.

Turawa ma suna da tasu cutar gadon mai kisa ta huhu, wato sistik faibirosis, wadda ba a cika gano ta a Afirka ta Yamma ba. Kamar sikila, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita ɗa ke gadonta. Majinar mai ita kan yi kauri ta maƙale a hanyoyin numfashi, bakteriya su samu wurin zama. Lokacin da likita Dorothy Andersen ta bayyana ta a birnin Niyok a 1938, yawancin yaran ba sa kai shekarun shiga makaranta. Zuwan fenisilin a shekarun 1940 ya rage ɓarnar ƙwayar stafilokokas, sai wata mai taurin kai, sudomonas, ta gaje ta. A asibitin Rigshospitalet na Kofanhegan, ƙasar Denmak, likitoci sun fara kwantar da masu sudomonas duk bayan wata 3 a 1976, ana ba su magani ta jijiya ko da ba su kwanta ciwo ba. A 1981 kuma suka raba masu ƙwayar da marasa ita, don sun lura a asibitin ma ana ɗaukar ta.

Sai a 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo cutar. Kafin nan, tsawon ran masu ita a Amurka ya riga ya doshi shekara 30. Magungunan kashe bakteriya, da abinci mai gina jiki, da gashin ƙirji, da zuwa asibiti a kan kari ne suka yi wannan aiki, tun ba a san inda matsalar take a jikin gadon ba.

Sikila ta samu irin wannan sauyi a 1986, kuma da araha. Marilyn Gaston da abokan aikinta a Amurka sun gwada fenisilin na sha, sau biyu a rana, a binciken da ya ƙunshi yara 215. Kamuwa da nimokokas ta ragu da kashi 84 cikin 100, har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, don bai kamata a ci gaba da hana rabin yaran maganin ba.

Abin takaici, an shafe shekaru ana muhawara ko wannan ya shafi Afirka, saboda ɗakunan gwajin nahiyar ba su cika kama ƙwayar a jinin masu sikila ba. Binciken Kilifi na ƙasar Kenya a 2009 ya nuna ita ce dai a kan gaba a nan ma. Nijeriya, inda ake ƙiyasin haihuwar jarirai 150,000 masu sikila a shekara, ta fara shigar da allurar nimokokas cikin rigakafin yara a ƙarshen 2014.

Fenisilin ɗin ana so a fara shi jariri yana da wata 2 zuwa 3, a ci gaba har shekara 5. Hakan na buƙatar a gwada jinin jariri tun daga haihuwa, alhali a yawancin gidajen Arewa sai hannuwa da ƙafafun yaro sun kumbura ake sanin yana da sikila.