Tarihin Lambar Allon Shaɗaranji

Lambar 18,446,744,073,709,551,615 ita ce abin da ake samu idan aka jera 2 sau 64, aka yi ta ninkawa, sannan aka cire 1. Tana da alƙaluma 20, kuma ta shiga tarihin lissafi ne ta hanyar wani labari kan shaɗaranji, wasan da ya samo asali daga Indiya, ya bi ta Farisa ya isa ga Larabawa, ana buga shi a kan allo mai gida 64.

Ibn Khallikan, alƙalin Dimashƙa, ya kawo labarin a littafinsa Wafayatul A'ayan, wanda ya fara rubutawa a Alƙahira a 1256. An ce wani mai hikima, Sissa, ya ƙirƙiro wasan, sarki ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, har sai da ma'ajinsa ya zauna ya ga alkamar duniya ba za ta biya ba. Labarin almara ne, amma lissafin gaskiya ne, kuma ya riga Ibn Khallikan: wajen shekarar 1000 masani Al-Biruni ya riga ya fitar da jimillar daidai.

Dabarar ba ta da wuya. Abin da ke kowane gida ya fi jimillar duk gidajen da suka gabace shi da ƙwaya ɗaya tak, don haka gida na 64 shi kaɗai ya ɗauki rabin alkamar da 'yar ɗoriya. Wanda zai ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa sai ya shafe sama da shekara biliyan 580.

Sai dai girman ba shi ne abin da ya fi burgewa ba, domin ko yaro zai iya rubuta lambar da ta fi ta. Abin sha'awa yana cikinta. Idan aka warware ta zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, guda bakwai ake samu, ba wadda ta maimaitu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Biyar daga ciki, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, dangi ɗaya ne. Kowace, idan aka cire mata 1 aka ninka abin da ya rage da kansa aka mayar da 1, sai ta haifi ta gaba. Wajen 1640, Pierre de Fermat, masanin shari'a a Faransa, ya yi zaton duk 'ya'yan wannan jeri ba sa rabuwa. Ta shida, 4,294,967,297, ta fi ƙarfin a gwada ta da hannu cikin sauƙi, sai zaton ya zauna sama da shekara 90. A 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa ita ce 641 sau 6,700,417. Waɗannan su ne ragowar biyun daga cikin bakwai ɗin. Ke nan lambar alkamar Sissa tana ɗauke da zaton Fermat da kuma hujjar da ta rushe shi, kuma har yau ba a sake samun wata marar rabuwa a jerin ba bayan 65,537.

Lambar ta sake ɓullowa a 1883, lokacin da Édouard Lucas ya fito da wasan Hasumiyar Hanoi: kwashe faifai 64 bisa ƙa'idar wasan na buƙatar motsi aƙalla wannan adadi. A zamaninmu kuma ita ce lamba mafi girma da kwamfuta za ta iya ajiyewa a gurbi 64 na sifiri da ɗaya. In aka ƙara mata 1, a tsarin da aka saba, lissafin sai ya koma sifiri.