Tana da Taki: Tsohon Ilimin Ciyar da Ƙasa

Mai kiwon furanni a gida, idan ya ga tana a tukunyarsa, yakan ɗauka ɓarna ce ta shigo, ya tafi neman maganin ƙwari. Tarihin noma a ƙasar Hausa kuwa ya nuna akasin haka.

Yawancin ƙasar Kanya Babba, a ƙaramar hukumar Babura, jigawa ce: rairayi mai saurin shanye ruwa, marar riƙe abincin shuka. A irin wannan ƙasa tana ba ta zama sai inda laima ta haɗu da ruɓaɓɓen abu, kamar fadama ko gindin juji. Abin da manoman da suka yi ta kai wa gonakinsu ke nan: juji, toka da kashin awaki. Bayan girbi kuma Fulani su sauka a gona, shanu su ci kara, su bar taki. A da, a kewayen Kano, jakuna ne ke fitar da sharar birni a mangala zuwa gonaki. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa bincike kan wannan yanki, inda taki ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an hutar da ita ba.

Tun a 1881 Charles Darwin ya bayyana aikin tana a littafinsa na ƙarshe. Tana cin ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, ta fitar da su a narke, ramukanta kuma su buɗe wa iska da ruwa hanya. Ya ƙiyasta cewa a sassa da dama na Ingila fiye da tan 10 na ƙasa ke ratsa cikin tana a kowace eka duk shekara.

Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, a 1976, ya yaɗa takin zamani mai rahusa. Amfani ya ƙaru, amma takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya ƙara wa ƙasa ruɓaɓɓen abin da tana ke ci. Da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, sai darajar takin gida ta dawo.

Ƙa'idar gona ita ce ta tukunya: a sa takin da ya ruɓe, ba ɗanye ba, a huda gindin tukunyar, a taƙaita ban ruwa. Idan tana ta fito saman ƙasa da rana, yawanci ruwa ne ya yi yawa. Idan ta zauna a ciki, shaida ce ƙasar na da rai.