Gargaɗin Ambaliya da Ƙasar Kazaure: Tarihin Saƙon da Ba Ya Kaiwa Ƙauye

Ƙasar Kazaure ba irin shimfiɗaɗɗen filin da aka san Jigawa da shi ba ce. Daga garin Kazaure zuwa Roni da Gwiwa duwatsu ne da tuddai da kwazazzabai, sai an nufi Babura, kusa da iyakar Nijar, ƙasa take kwantawa ta koma yashi. Kogunan shiyyar, irin su Gari da Tomas da ke gangarowa daga arewacin Jihar Kano, rabin shekara a bushe suke. Wannan ya sa idan ana maganar ambaliya a Jigawa, Haɗejia da Auyo da Ringim ake fara tunawa. Amma ruwa yana kisa a tudu kamar yadda yake yi a fadama, hanyar ce ta bambanta, kuma tsarin gargaɗin da aka gina a Nijeriya bai san wannan hanyar sosai ba.

Tsoron da aka gada a Arewa na rashin ruwa ne. Tun 1905 ake auna ruwan sama a Kano, kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta nuna wa Turawan mulki cewa damina ɗaya na iya girgiza ƙasa. A zamanin En'e labarin shuka da fara da annoba yana tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ya kai fada. Umarni kuma ya sauko ta wannan tsanin, mai shela ya zaga da shi. An kafa tsanin ne domin haraji da tsaro, sai dai yana da wata fa'ida: kowane saƙo yana da wanda ya ɗauko shi da wanda za a tuhuma idan bai isa ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe iko daga hannun sarakuna, bai kuma ɗora wa wani jami'i takamaimai wannan aiki ba.

Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙara ƙarfafa wancan tsoro. Gwamnatin Audu Baƙo a tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta har zuwa 1991, ta duƙufa ga gina madatsun ruwa. An kammala Tiga a 1974, aka tare Tomas da Gari a shekarun da suka biyo, Challawa ta zo a 1992. A Yamai kuma aka kafa cibiyar AGRHYMET a 1974 domin sa ido kan damina da amfanin gona a ƙasashen Sahel. Duk wannan shiri na adana ruwa ne da hango yunwa. Ba a yi wani tanadi mai kama da shi ba na ranar da ruwan zai yi yawa.

Ranar ta zo a watan Agustan 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwa, ta tafi da rayuka da gidaje da gonaki. A 2001 ambaliya ta sake cin Kano da Jigawa. A 2010 gwamnatin Jigawa ta ɗora alhakin ambaliyar shekarar a kan ruwan Tiga da Challawa, hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are ta musanta, aka yi ta jayayya bayan gonaki sun riga sun nutse. Hukumomi sun ƙaru a wannan tsakani: NEMA a 1999, NiMet a 2003, NIHSA a 2010. Amma sai da ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, kafin NIHSA ta fara fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara a 2013. Duk da haka, a 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin ƙasar, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Hasashen shekara yana fitowa kafin damina ta kankama, yana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Yana da amfani ga mai tsara kasafi, da kuma garin da ke bakin babban kogi, inda ruwa ke ɗaukar kwanaki kafin ya iso. A ƙasar duwatsu ba haka abin yake ba. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya zuba a kan dutsen da ba ya shan ruwa, cikin sa'o'i kaɗan kwarin da aka tsallaka da safe ya fi ƙarfin mai babur. Ko kuma a kwana uku ana yayyafi a Agusta, katangar ƙasa ta jiƙe ta faɗa wa masu barci. Manomin Roni da aka gaya wa tun kafin shuka cewa ƙaramar hukumarsa na cikin jeri bai san ko daren yau ne zai kwashe iyalinsa ba.

Wata ƙasa mai tsaunuka ta daɗe da fuskantar irin wannan matsala, ko da yake nata bala'in zaftarewar ƙanƙara ne. A Suwizalan an fara binciken ƙanƙara a kan tsaunin da ke saman garin Davos a 1936, kuma a 1945 cibiyar binciken ta karɓi aikin gargaɗi daga hannun soja. Hunturun 1950 zuwa 1951 ya kashe mutum 98 a ƙasar, ya kuma bayyana cewa masana a ofis ɗaya ba za su iya ganin kowane kwari ba. Sai aka faɗaɗa ayarin masu lura, mutanen da ke zaune a ƙauyukan tsauni suna auna ƙanƙara kowace safiya suna aika rahoto. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai hawa biyar, domin mataki na huɗu a Ostiriya ya zama daidai da mataki na huɗu a Faransa. A yau sanarwa tana fita sau biyu a rana a lokacin hunturu, shiyya-shiyya. Rufe hanya da kwashe mutane kuwa aikin hukumar gari ne, kuma da alhaki a kansa: bayan zaftarewar da ta kashe mutum 12 a Evolène a 1999, kotu ta sami shugaban garin da jami'in tsaronsa da laifin sakaci.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙananan hukumomi huɗu ko biyar idan suka haɗa kai. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada, malamin firamare ko malamin gona zai iya karanta shi ya aika adadin ta waya. Alamar fenti a jikin gada da bakin madatsa tana nuna hawan ruwa ga wanda bai yi boko ba. Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure tana da malaman da za su iya haɗa waɗannan rahotanni da hasashen NiMet na kullum, a fitar da sanarwa da Hausa, mai hawa uku ko huɗu, kowane hawa da abin da za a yi: a guji tsallaka kwari, a fita daga ɗakin da ya tsage, a koma makaranta ko masallacin da ke tudu. Rediyo da lasifikar masallaci da mai unguwa su kai ta ƙofar gida. Da yake ruwa bai san iyakar jiha ba, dole masu kula da madatsun ɓangaren Kano su kasance cikin tsarin.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da kowane ɗan Adam zai kasance ƙarƙashin inuwar gargaɗin gaggawa. Abin da zai nuna ko alƙawarin ya iso Gwiwa ko Babura shi ne a iya kiran sunan mutumin da aikinsa ne ya karanta ma'auni da asuba, da wanda ke da ikon cewa a tashi, da kuma kuɗin da aka ware musu a kasafin ƙaramar hukuma kafin ruwan farko ya sauka.