Shagon Wane: Yadda Dambe Ya Ɗaura Sunan Mai Zaɓe a Wuyan Yaron da Ya Zaɓa

Duk wanda ya saba da gidan dambe ya san da wuya a kira ɗan dambe da sunansa na yanka. Abin da kunne zai ji shi ne Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Rabin farko na sunan yana nuna siffar yaron ko matsayinsa a gidan, rabin na biyu kuwa na ubangidan da ya ɗauke shi ne, wani lokaci na garin da ya fito. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ado na kirari kawai. A ganina abin ya wuce nan. Hanya ce da magabata suka bi suka warware wata matsala da har gobe take wahalar da masu kuɗi da masu ilimin lissafi a ƙasashen da suka ci gaba, wato yadda za a gane ko wanda ya zaɓi matashin ɗan wasa ya iya zaɓe, da kuma lokacin da ya dace a yanke masa wannan hukunci. Ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda dambe da kokawa suka daɗe suna bin kaka, wuri ne da ya dace a duba wannan al'ada, domin a nan ne kuma ake ganin yadda ginshiƙanta suke zaizayewa.

Asalin dambe a ƙasar Hausa wasan rundawa ne, 'ya'yan mahauta da ke ƙarƙashin Sarkin Fawa. Lokacinsa kaka, bayan an yanke gero da dawa an kai rumbu, manomi ya sami abin kashewa, bukukuwan aure sun kankama. A lokacin ne rundawa kan yi ayari su bi garuruwa da makaɗansu, su yi fawa da rana, da la'asar a share fili. Garuruwan nan uku suna zaune ne a kwarin Gulbin Sakkwato, ƙasa mai fadama da hatsi da dabbobi, ga kasuwar Talata wadda ta ba Mafara rabin sunanta, ga hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa ta. Inda akwai kasuwar dabbobi akwai mahauta, inda mahauta suka taru da kaka kuwa kalangu ba ya kwana. Daga wannan ƙasa ta tsohon lardin Sakkwato ne aka sami makaɗan maza irin su Muhammadu Bawa Ɗan'anace, wanda waƙoƙinsa na Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗankore suka sa waɗannan sunaye suka rayu a bakin mutanen da ba su taɓa ganin dambensu ba.

A irin wannan fili ake zaɓen yaro, kuma ba a yini ɗaya ba. Kafin manya su shiga, yara ne ke buɗe wasa, su ne sharar fage. Tsohon ɗan dambe yana gefe a zaune, ba ya tafi, ba ya ihu, kallo kawai yake yi. Ba ƙarfin hannun da aka naɗe da zare ne ya fi damunsa ba, domin ƙarfi kowane ɗan mahauci da ya tashi yana kayar da sa yana da shi. Yana duba ɗaya hannun, na kariya, ko yana nan a miƙe har turmi na uku ko gajiya ta sauke shi. Yana duba ko yaro na rufe ido idan naushi ya taso masa, da yadda yake dasa ƙafarsa ta gaba, da abin da fuskarsa ke yi bayan ya sha duka bai faɗi ba. Abin da ya fi duka, yana jiran ranar da za a kashe yaron, wato a kai shi ƙasa a gaban 'yan matan garinsu, don ya ga ko mako mai zuwa zai sake miƙa hannu a naɗa masa zare. Wanda ya dawo shi ne ake yi wa maganar shiga gida. Daga ranar da aka ce masa Shagon wane, duk faɗuwar da zai yi a Mafara ko Gusau ko Kano, da sunan ubangidansa za a shelanta ta.

Don a ga darajar wannan tsari, a dubi inda ake kashe dukiya mai yawa a kan zaɓen matasan 'yan wasa. A Amurka, gasar NFL ta ƙwallon da ake runguma a hannu tana da ƙungiyoyi 32, kuma tun 1936 take gudanar da zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i kowace shekara. A yau zagaye bakwai ake yi, ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Kafin ranar zaɓen, ana tara samarin a birnin Indianapolis a auna tsayinsu da nauyinsu da faɗin tafin hannunsu, a ƙirga daƙiƙun da suke ɗauka su yi gudun yadi 40, likitoci su bincike su gaɓa-gaɓa. Da an kammala zaɓe, kafin gari ya waye, masu sharhi sun raba wa ƙungiyoyi maki kamar 'yan makaranta, alhali babu yaro ɗaya da ya taka fili. Tarihin gasar cike yake da shaidar cewa wannan maki na gaggawa ba shi da tushe mai ƙarfi. Jay Berwanger, mutumin farko da aka fara zaɓa a 1936, bai taɓa buga wasa a gasar ba. A 1998 San Diego Chargers ta ɗauki Ryan Leaf a matsayi na biyu, bayan an yi ta muhawara ko ya fi Peyton Manning, sai ya zama abin misali na zaɓen da ya lalace. A 2000 New England Patriots ta ɗauki Tom Brady a matsayi na 199, a zagaye na shida, ya je ya ci kofin Super Bowl sau bakwai. A 2012 masu sharhi da dama sun yi wa Seattle Seahawks kaca-kaca saboda zaɓenta, wanda ya haɗa da Russell Wilson da Bobby Wagner. A Fabrairun 2014 waɗannan yaran suna cikin waɗanda suka ɗauko mata kofi. Masana tattalin arziki biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun bi diddigin zaɓen na shekaru suka nuna cewa ƙungiyoyin suna yarda da idonsu fiye da kima, suna biyan tsada don su riga kowa ɗauka.

A gasar kanta, kwantiragin sabon ɗan wasa shekara huɗu ne. Wato a aikace ta yarda da abin da rundawa suka riƙe tun tuni, cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bambancin shi ne mai sharhin Amurka da ya ba da maki mara kyau ba ya asarar komai idan lokaci ya ƙaryata shi. Badi zai sake zama ya raba sabon maki. Ubangidan dambe ba shi da wannan mafaka. Zaɓensa yana yawo da ƙafa biyu, yana amsa sunansa, yana shiga fili kowace kaka a gaban ɗaruruwan shaidu. Idan ya tara yara uku ko huɗu duk ana kashe su, babu wanda zai rubuta masa takarda, amma makaɗa za su rage ambatonsa, iyaye su daina kai masa 'ya'ya, gidan ya mutu a hankali. Idan kuwa yaransa suka fito, sunansa zai wuce shekarun ƙarfinsa, har jikokin gidan su gaje shi. Hukuncin yana zuwa a makare, amma yana sauka a kan wanda ya yi zaɓen.

Mai musu zai ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma awo yana da amfani. Gaskiya ne. Idan aka haɗa 'yan wasan NFL jimla, waɗanda aka ɗauka a zagayen farko sun fi na zagaye na shida yin nasara nesa ba kusa ba, labarin Brady ya shahara ne don irinsa ba shi da yawa. Shi ma tsohon ɗan damben da ke gefen fili ai awo yake yi, da ido maimakon agogo. Abin da nake ja a kansa shi ne a mayar da hasashe ya zama hukunci. Hasashe aikin ranar zaɓe ne, dole a yi shi, kuma gara a yi shi da kayan aiki masu kyau. Auna ko hasashen ya yi daidai kuwa aikin shekaru ne, kuma duk tsarin da ya haɗe biyun a rana ɗaya yana saka wa mai iya magana ne, yana barin mai iya gani.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata mai son dambe ya kauce masa ba. Tsarin ubangida ba shi da rubutu. Waƙa tana adana wanda ya yi kisa, ba ta adana yara goma da aka ɗauka tare da shi suka koma gona da karyayyen haƙori. Don haka ana iya cewa muna yabon idon magabata ne saboda nasarorinsu kaɗai suka iso gare mu. Ga shi kuma da can ƙofar ta fi buɗuwa ga ɗan gado, ɗan manomi ko ɗan maƙeri mai hannu ba lalle a dube shi ba. Sannan babu wani abu a dambe da ya yi kama da dokar nan ta Amurka da ke ba mai rauni damar fara ɗauka. Gidan da ya yi suna shi ke jan yara masu kyau. Na yarda da wannan duka. Sai dai mantuwar da ake magana ta masu nisa ce, ta mu da muke jin labari a kaset. Mutanen garin da abin ya faru a gabansu ba su manta wanda aka kashe ba, sun san gidan da ya fito, kuma su ne masu yanke hukuncin a lokacin da yake da amfani. Game da gado, dambe da kansa ya gyara wannan: a yau ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada cike suke da 'yan damben da iyayensu ba su taɓa riƙe wuƙar fawa ba, kuma sunan ubangida ne ya ba su gidan da jini bai ba su ba. A wani gefen ma dambe ya fi adalci, domin yaro yana da bakin cewa ga wanda zai bi, alhali matashin Amurka duk ƙungiyar da ta kira sunansa can zai tattara ya tafi.

Abin damuwa shi ne wannan tsari ya dogara ne kacokan ga filin ƙauye, inda ido ɗaya ke bin yaro ɗaya kaka bayan kaka, kuma filin nan ya sha girgiza a wannan yanki. An kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, aka sake rabon ƙasa, har rikicin diyya ya kai ga kisan manoma a hannun 'yan sanda a Afrilun 1980. Noman rani da ya biyo baya ya kawo shinkafa da alkama da kayan lambu, amma ya cinye wani ɓangare na hutun bayan kaka wanda a da shi ne lokacin yawon dambe. Birane kuma suka buɗe gidajen dambe na kullum masu karɓar kuɗin ƙofa, a Kano da Kaduna da Dei-Dei ta Abuja har Legas, suka janye hannuwa masu kyau. Na baya-bayan nan kuma mafi muni shi ne ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya sa taron yamma a ƙauyukan Maradun da Bakura ya zama kasada. A Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a jihar. Duk abin da ya taɓa kasuwa ya taɓa mahauci, ya kuma taɓa wurin da ake ganin yara.

A daidai wannan lokaci ne dambe ya sami kasuwar da bai taɓa samu ba. Bidiyonsa na samun miliyoyin masu kallo a YouTube da Facebook, ana sa gasar mota da ta babur, kamfanoni na neman fuskokin da za su tallata. Wannan alheri ne ga samarin da ke saka jikinsu a haɗari, ba na fatan ya gushe. Amma bidiyon daƙiƙa talatin kisa kawai yake nunawa. Ba ya nuna turmi na uku, ba ya nuna makon da ya biyo bayan faɗuwa. Mai shirya gasa da ya ɗauki yaro saboda irin wannan bidiyo, ya haɗa shi da wanda ya fi ƙarfinsa don a cika gida, idan yaron ya nakasa gobe wani zai ɗauko, sunansa bai taɓu ba. Wannan shi ne makin gaggawar Amurka ya shigo mana, ba tare da likitocinsu da kwantiraginsu na shekara huɗu ba.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Sarakunan Fawa na Mafara da Bakura da Maradun, tare da ƙungiyar 'yan dambe da ofisoshin wasanni na ƙananan hukumomin uku, su buɗe littafi: sunan yaro, garinsu, ubangidan da ya ɗauke shi, shekarar da aka ɗauke shi, da sakamakon kowane damben da ya yi, kisa ko faɗuwa ko canjaras, har da raunin da ya ji. Kada a sa yaro a babbar gasa sai da ubangidan da ya yarda a kira shi da sunansa, kuma ya yarda ya ɗauki nauyin jinyarsa. Tsofaffin da suka san wane ya ɗauki wane a waɗannan garuruwa suna nan da ransu, a je a tambaye su a rubuta tun suna iya faɗa.